Filin Lafiya: Me Za a Ba Wanda Aka Yi wa Aikin Hanta Ya Ci?

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan hanta suka zo, daga Garwa da Marwa da Ngaundare har tsallaken kogin Logon. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, kuma shi ne kan gaba wajen jawo ƙarin da ke kai mutane ɗakin tiyata, ga kuma ƙurjin hanta da raunin haɗarin babur. Mun zaɓi waɗanda suka shafi ci da sha bayan aiki. Awon da muka ambata na manya ne. In likitan da ya yi aikin ya faɗi wani abu daban game da mara lafiyarku, tasa za a bi, domin shi ya ga hantar da idonsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako uku ke nan da aka yanke wa maigidana wani ɓangare na hanta a Yawunde saboda ƙari. Tun da muka dawo gida surukata ta hana a ba shi nama da ƙwai da madara da duk abin da mai ya taɓa, wai suna tayar da ciwon hanta. Tsinkakken kunu da rake kawai yake sha. Ya rame sosai, wurin ɗinkin ma bai gama rufewa ba. Hankalina bai kwanta ba, amma ba na son in yi wa Hajiya musu. (Wata matar aure, Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika rubuto. Tausayin ɗanta ne ya sa Hajiya ta kafa wannan doka, amma dokar ce ke ramar da shi, ita ce kuma ke hana ɗinkin kamawa.

Hantar babban mutum ta kai kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma Allah Ya ba ta baiwar sake tsirowa. A mai lafiyayyar hanta ana iya cire har kusan kashi 70 cikin 100, ragowar ta fara girma tun kwanakin farko, mafi yawan girmanta ya dawo cikin makonni zuwa 'yan watanni. Wannan tsirowa da furotin ake yin ta, wato sinadarin gina jiki da ke cikin kifi da nama da ƙwai da madara da wake. Da shi ake ɗinke rauni, da shi ake yin garkuwar da ke hana rauni ruɓa. In bai shigo ta baki ba, jiki ba ya tsayawa jira. Kamar a sa magini ya tayar da katangar da ta faɗi ne a hana shi tubali: na ɗakin kusa zai kwashe. Ɗakin kusa a nan shi ne tsokar cinya da damtse da kafaɗa. Ramar da kike gani ke nan.

Abin da ake nema ga irin maigidanki shi ne kalori (awon kuzarin da abinci ke ba jiki) 30 zuwa 35 da furotin giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum. In kilo 60 gare shi, kalori 1,800 zuwa 2,100 ke nan da furotin giram 72 zuwa 90. Domin ki iya lissafi a madafa: ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara ko kindirmo mai cin mililita 250, giram 8, kifi mai girman tafin hannunsa ban da yatsu, kimanin giram 20, dafaffen nama ko kaza mai wannan girma, kusan 25, ludayin dafaffen wake, kusan 8. Rake ba shi da komai daga ciki, tsinkakken kunu ma ɗan kaɗan ne.

Cikin wanda aka yi wa aiki ba ya ɗaukar babban kwano, don haka a raba abincin gida shida. Da safe kunu mai kauri da madarar gari cokali uku, da dafaffen ƙwai biyu. Da hantsi kofin kindirmo da ayaba. Da azahar shinkafa ko tuwo mai laushi da kifi. Ga kifin Lagdo da na Binuwai a kasuwarku, a dafa shi ko a gasa, a cire ƙaya. Da la'asar alale ko awara ko ludayin wake. Bayan magariba tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa da 'yan yankan nama da suka dahu luguf. Sai kuma dab da kwanciya barci, kofin kunu da madara. Wannan jeri ya kai furotin giram 85 zuwa 90. Kada a tsalle daga rake zuwa wannan a rana ɗaya. Tunda ya yi mako uku a yunwace, a fara da rabi, a riƙa ƙarawa cikin kwana biyar zuwa bakwai, kuma a sanar da likitansa an fara.

Mai ba haramun ba ne. Sau da yawa ana cire jakar maɗaciya tare da ɓangaren hantar, sai ya zamana abinci mai maiƙo da yawa a zama ɗaya yana sa gudawa ko kumburin ciki a makonnin farko. Maganinsa a rage yawan na zama ɗaya, kamar cokali ɗaya na man gyaɗa a miyar da zai ci, a jinkirta soye-soye da kitsen rago. In kin ga bahayarsa ta yi fari-fari, tana maiƙo, tana wari fiye da ƙima, alamar ruwan maɗaciya ba ya isa hanji ce, sai a koma asibiti.

Game da Hajiya, kada ki ja da ita a gida. Ku tafi da ita ranar ganin likita ta ji daga bakinsa, sannan ki roƙe ta ta riƙa dafa wa ɗanta farfesun kifin da hannunta.

Tambaya: Jiya aka yi wa mahaifinmu aikin hanta. Yau da safe ma'aikaciyar jinya ta ce mu ba shi kunu. Mu dai mun san sai mutum ya fitar da iska ake ba shi abinci, ga shi kuma ana yi masa ƙarin ruwa. Ba gaggawa aka yi ba? (Wani ɗa, Injamena)

Amsa: Malam, ma'aikaciyar nan ta san aikinta. Tsohon tsari ne a bar mara lafiya kwana uku ko huɗu ba ci. Ƙa'idojin ƙungiyar ERAS (ta ƙwararru masu tsara hanyoyin saurin murmurewa bayan tiyata) a kan aikin hanta, waɗanda suka fito a 2016 aka kuma sabunta a 2022, sun tsaya a kan cewa mafi yawan marasa lafiya za su iya cin abinci tun washegarin aiki. A yawancin aikin hanta ba a yanka hanji, kuma abinci ne ke tayar da hanji ya koma motsi. In an haɗa bututun maɗaciya da hanji, a nan ne likitan tiyata zai iya cewa a ɗan jira.

Ƙarin ruwa ba abinci ba ne. Ledar gulukos mai kashi 5 cikin 100, ta mililita 500, sukari giram 25 ne a ciki, kimanin kalori 100. Sai an ɗura masa leda 20 kafin ya sami kalorin yini ɗaya, kuma duk da haka babu furotin ko giram ɗaya. Amfaninta shi ne ta tsare sukarin jini kada ya faɗi, domin ragowar hantar ba ta da ajiyar kirki a kwanakin farko.

Ku zaunar da Baba a miƙe, ku fara da kurɓin ruwa, sai rabin kofin kunu, bayan awa biyu a sake. In ya zauna, a ci gaba zuwa kindirmo da ƙwai da abinci mai laushi. Ya sauko daga gado ya ɗan taka da taimako, ko da zuwa bakin ƙofa ne. In yana ta amai, ko cikin ya kumbura ya yi tauri, a tsaya a kira likita. In kuma aka doshi mako yana cin ƙasa da rabin abin da yake bukata, likitoci kan sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki a ba shi abinci ta nan. Iyalai da yawa suna ƙin wannan roba don suna ganin alamar ajali ce. Ba haka ba ne, kuma ta fi abincin da ake bayarwa ta jijiya sauƙi da ƙarancin haɗarin ƙwayoyin cuta.

Abu ɗaya ku tambayi likita a kai: gwajin fosfet. Wannan sinadari kan faɗi ƙasa a jini a kwana na biyu zuwa na uku bayan babban aikin hanta, ya kawo kasala mai tsanani da wahalar numfashi da ruɗewa. Haɗarin ya fi ga wanda ya daɗe ba ya ci kafin aiki, domin in abinci ya shigo da yawa lokaci ɗaya, fosfet da fotasiyam da magniziyam sukan ruga cikin ƙwayoyin jiki su bar jini. Irin wannan mara lafiya da kaɗan ake fara masa, a haɗa da bitamin B1, ana gwada jini.

Tambaya: 'Yar'uwata ba ta jin marmarin komai tun bayan aiki. Cokali biyu ta ce ta ƙoshi. Madarar gwangwani ta asibiti da aka rubuta mana ta fi ƙarfinmu. (Wata mai jinya, Yagwa)

Amsa: In ba ta iya cin mai yawa, sai a sa ɗan da take ci ya yi nauyi. Ga haɗin kofi ɗaya: garin gero babban cokali huɗu, madarar gari cokali uku, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai kyau cokali ɗaya, sukari cokali ɗaya. Wannan ya kai kalori 400 da furotin giram 14. In kika kaɗa ƙwai ɗaya kika zuba yana kan wuta ya dahu a ciki, ya zama kusan kalori 470 da giram 20. Kofi uku a yini sun ɗauke fiye da rabin bukatarta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga kunun ya yi kauri a tsinka shi da ruwa, sai cikinta ya cika da ruwa. A maimakon haka ki tsirar da dawa ko gero, ki shanya ta bushe ƙarau, ki niƙa. Rabin ƙaramin cokali na wannan gari a cikin kunu mai ɗumi yana sassauta shi cikin 'yan mintuna ba tare da ƙara ruwa ba. Sai ki mayar kan wuta ya sake tafasa. Ɗan ruwan tsamiya ko lemun tsami yana taimaka wa mai tashin zuciya. Kada ta sha ruwa ko shayi dab da cin abinci, ta bari sai bayan rabin awa. A bi agogo wajen ba ta, kowane awa biyu zuwa uku, kada a jira ta ce tana jin yunwa. In ƙamshin girki na tayar mata da zuciya, a bar abincin ya huce kafin a shigar mata ɗaki.

Tambaya: Yayana yana da tsohon ciwon hanta, likita ya ce hantar ta ƙanƙance ta yi tauri. Bayan aiki cikinsa ya tara ruwa, ƙafafu sun kumbura. An ce ya rage gishiri, mun daina sa gishiri gaba ɗaya amma kumburin bai ragu ba. Mu hana shi shan ruwa? (Wani ƙane, Marwa)

Amsa: Kada ku hana shi ruwa, balle a zafin Marwa da kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ba a taƙaita ruwa sai gwaji ya nuna sodiyam na jini ya faɗi ƙasa sosai, kamar ƙasa da 125, kuma likita ne zai faɗa. Ga wanda ke shan maganin sa fitsari, ƙishirwa na iya taɓa ƙoda.

Muna kyautata zaton gishirin yana shiga ta wasu ƙofofi. Abin da aka yarje wa mai ruwa a ciki shi ne kimanin giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a miya kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kuma mai girki da ta daina sa gishiri takan ƙara dunƙule don miya ta yi daɗi. Kanwa ma sodiyam ce, ita da ake sawa a miyar kuka da kuɓewa da wake da ɗanwake, haka bakin soda. Sai kilishi da tsire da yajinsu, kifin da aka busar da gishiri, sadin na gwangwani, burodi, da magungunan da ke narkewa a ruwa suna kumfa.

A ware masa tukunyarsa. A jiƙa wake ya kwana maimakon sa kanwa. A nemi ɗanɗano daga albasa da tafarnuwa da citta da tumatir da daddawar da ba a sa wa gishiri ba, da tsamin yakuwa. A auna rabin ƙaramin cokali na gishiri a ɗan murfi da safe, ya riƙa barbaɗawa a abincinsa har dare. Sauran kason yana cikin abincin da kansa. Cire gishiri kwata-kwata yakan sa mutum ya ƙi abinci, kuma wannan ya fi kumburin illa.

Kada a maye kanwa da ruwan toka. Toka fotasiyam ce, kuma maganin sa fitsari da aka fi ba masu wannan ciwo, sifironolakton, yana riƙe fotasiyam a jiki. In suka haɗu suna iya rikita bugun zuciya. Haka gishirin kanti da ake cewa na masu hawan jini.

A riƙa auna nauyinsa da safe bayan ya yi fitsari, a sikeli ɗaya, a rubuta. Ƙarin kilo biyu cikin mako ruwa ne. Don sanin ko yana samun tsoka, a auna kewayen damtsensa a tsakiya da tef ɗin tela kowane mako biyu, domin ruwan ciki yana ɓoye rama a kan sikeli. In gwajin albumin, wato furotin ɗin da hanta ke yi wa jini, ya fito ƙasa da giram 35 a lita, kada ku firgita ku ce abincin bai yi ba: yakan faɗi bayan kowane babban aiki, kuma sai an ɗauki makonni yake hawa.

Tambaya: Mahaifiyarmu tana barci da rana, da dare ta farka tana maganar da ba kai. Hannunta yana karkarwa. Wani ya ce nama ne ke hau mata kai, mu daina ba ta. (Wata ɗiya, Ngaundare)

Amsa: 'Yar'uwa, ku kai Inna asibiti yau. Juyewar barci da ruɗewa da karkarwar hannu in an miƙe shi alamu ne na cewa hanta ba ta tace amoniya, dattin da ke fitowa in jiki ya sarrafa furotin, yadda ya kamata, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Kusan kullum akwai abin da ya tayar da shi: taurin bahaya, ƙwayar cuta a ciki ko a fitsari, zubar jini a hanji, bushewar jiki daga maganin fitsari, ko maganin barci da taramol. Shi za a nemo a magance.

A da likitoci kan hana furotin a wannan hali, amma an bar wannan tsari. Tsoka ce ke taya hanta kwashe amoniya daga jini, to in aka ramar da ita ruɗewar ƙaruwa take yi. Abin da ake yi yanzu shi ne a bar adadin furotin yadda yake, a rarraba shi cikin yini, a karkata zuwa madara da kindirmo da wake da awara da ƙwai, a rage jan nama mai yawa a zama ɗaya. In an rubuta mata laktulos, maganin sassauta bahaya da ke rage amoniya, awonsa shi ne ta yi bahaya mai laushi sau biyu zuwa uku a yini. In bai kai ba a gaya wa likita ya ƙara, in ya zama gudawa kamar ruwa an wuce. Idan barci ya yi mata nauyi har ba ta farkawa sosai, kada a ɗura mata komai a baki, yana iya shiga huhu.

Tambaya: Kun ce a sa gyaɗa a kunu, amma na ji a rediyo cewa gyaɗa na kawo kansar hanta. Wanne ne gaskiya? (Wani manomi, Gidar)

Amsa: Gyaɗa lafiyayya abinci ce mai kyau, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne. Abin da kuka ji a rediyo gubar afalatoksin ce, wadda wata funfuna ke yi a jikin gyaɗa da masara in sun sha fari a gona, ko ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima. Tana jawo kansar hanta, kuma ga mai ciwon hanta nau'in B haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. Dafuwa da suya ba sa kawar da ita.

Ga mara lafiya a sayi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya a tsince da hannu. A zubar da wadda ta yamushe, da wadda ta fashe, da wadda launinta ya sauya ko ƙwaro ya huda, duk wadda ta yi ɗaci a baki a tofar. A soya a markaɗa a gida. Markaɗen kasuwa da ƙuli-ƙuli ba a san da wace gyaɗa aka yi su ba, kuma sau da yawa tsintattun da ba su sayu ba can suke ƙarewa. Ku manoma, ku shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, ku ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Gero da dawa, har da muskuwari, galibi sun fi masara tsira daga wannan guba, don haka su za a fifita a tuwon mara lafiya.

Tambaya: 'Yan dubiya suna ta kawo wa mijina sassaƙe da jiƙo na wanke hanta. Wata ta kawo dihe daga Kanem, wani ya ce ya riƙa cin hantar rago kullum. Me zai sha, me zai bari? (Wata matar aure, Kusiri)

Amsa: Duk abin da aka haɗiya hanta ce ke sarrafa shi, kuma ta mijinki ragowa ce mai aikin cikakkiya. Jiƙo da sassaƙe ba su da awo, wasu kuma an san suna lalata hanta, kamar 'ya'yan rai-ɗore. Ki karɓa ki yi godiya, amma kada ya sha. Ganyen zogale a miya ko kwaɗo abinci ne, saiwarsa da ɓawonsa a bar su. Giya kowace iri, har bilbil da arki, babu ita sam.

Dihe, koren gansakuka da ake kwasowa daga tafkunan Kanem a busar, abinci ne na gaske: fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne, giram 10 ya yi daidai da ƙwai ɗaya. Sai dai a ruwan kanwa yake tsirowa, kuma na gargajiya a kan yashi ake shanya shi. A jiƙa, a tace yashin, a dafa shi sosai a miya, kuma mai ruwa a ciki ya bar shi. Ba ya warkar da hanta. Hantar rago ma ba ta tafiya ta gyara ta mutum. Tana cike da bitamin A, wanda in ya taru yake cutar da hanta. Ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa. Maganin ƙarin jini sai gwaji ya nuna bukata.

Magungunan ciwo na tebur ma a kiyaye. Parasitamol kada ya wuce giram 2 a yini, wato ƙwaya huɗu ta miligiram 500, sai in likita ya ce. Dikulofenak da ibufurofen da asfirin suna iya sa zubar jini a ciki su taɓa ƙoda. In yana shan maganin ciwon hanta nau'in B kada ya tsallake ko kwana ɗaya, domin dainawa na iya tayar da cutar da ƙarfi. Entekabir, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ba a haɗa shi da abinci, a bar tazarar awa biyu kafin ci da bayan ci.

Ruwan sha a tafasa, nono ma a tafasa kafin a yi kindirmo, a dama fura da tafasasshen ruwa, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Ciwon hanta nau'in E ta gurɓataccen ruwa yake yaɗuwa, kamar yadda ya ɓarke a Am Timan a 2016, kuma yana tsananta ga mai raunin hanta. Zazzaɓi, ko idanu su ƙara rawaya, ko ruwa mai launin kore ya fito daga ɗinki, ko baƙar bahaya kamar kwalta, ko aman jini, kowanne daga cikinsu asibiti ne nan take.

Tambaya: An cire mini wata jakar ruwa a hanta, aka ce tsutsar kare ce. Ni ma sai na bar gishiri da nama? (Wani makiyayi, Abeshe)

Amsa: A'a, Malam. In sauran hantarka lafiya take, ka ci abincin gida yadda ka saba, ka ƙara madara da ƙwai da nama har rauni ya warke. Haka wanda aka zuƙe wa ƙurjin hanta. Albendazol da aka ba ka ka sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, ya fi shiga jiki, kuma ka je gwajin hanta da na jini da za a riƙa yi maka. Ƙwan tsutsar daga kashin kare yake zuwa hannu da abinci, don haka a wanke hannu kafin ci, kuma a daina jefa wa karnuka hanta da huhun dabbar da aka ga ƙulluttukan ruwa a ciki.

Tambaya: Wata biyu da yi mini aiki, kuma ina da ciwon sukari. Ban taɓa shan azumi ba a rayuwata. Zan iya ɗauka bana? (Wani dattijo, Garwa)

Amsa: Allah Ya ƙara lafiya, Baba. Shawararmu ita ce kada ku ɗauka bana. Lafiyayyar hanta tana ajiye sukari kimanin giram 100 da jiki ke ci tsakanin abinci da abinci. Wadda aka rage, ko wadda ta ƙanƙance, ajiyarta kaɗan ce. Mai ƙanƙancewar hanta in ya kwana ba ci, jikinsa yakan shiga halin da mai lafiya ke shiga bayan yunwar kwana biyu zuwa uku, ya fara cin tsokarsa. Shi ya sa muke nacewa a kan abincin dab da barci, mai sitaci kimanin giram 50, kamar babban kofin kunu mai kauri da ayaba ɗaya, da karin kumallo da wuri. Azumin awa 13 zuwa 14 ya saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya.

Ciwon sukarin ya ƙara nauyin maganar. Bayan aikin hanta bukatar insulin ko ƙwayoyi takan sauya, awon da ya yi muku daidai a da yana iya kayar da sukari yanzu. Ku riƙa gwadawa da safe da kuma awa biyu bayan ci. In sukarin jini ya yi ƙasa da giram 0.7 a lita, ko kuka ji gumi da rawar jiki da jiri, ku sha sukari cokalin shayi uku a ruwa nan take, ku sake gwadawa bayan minti 15. In yana yawan wuce giram 1.8, likita ya gyara maganin. Ba abincin za a yanke ba. Ku cire sukari daga kunu da shayi da zoɓo, ku bar madara da ƙwai da kifi da wake.

Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ya sha ya rama a wasu kwanaki. In hantar ta gama tsirowa, gwaje-gwaje suka yi kyau, sukari ya daidaita, ku zauna da likitanku a tsara ramuwa, a fara da yini ɗaya-ɗaya a lokacin sanyi. In kuma ya tabbatar muku hantar ta ƙanƙance, ko kun taɓa tara ruwa a ciki ko ruɗewa ko aman jini, ku karɓi bayaninsa a rubuce ku kai wa malaminku ya yi muku bayanin ciyarwa.